Baffa Duba-Gari da Gayyar da Babu Taba

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Baffa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ina cikin aji ina koyarwa a Shagari aka aiko mini, kafin in samu motar da za ta sauke ni Bodinga har an gama yi masa wanka.

Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne babba, Baba shi ne auta, Goggo tana tsakaninsu. Kusan duk rayuwarsa aikin duba-gari ya yi: leƙa randa, leƙa masai, duba nama a mahauta. Aiki ne da ba ya jawo wa mutum masoya, don haka na ɗauka tabarma uku za ta ishe mu zaman makoki. Sai da muka aro na masallaci.

Wani tsohon mahauci ya durƙusa gaban Baba ya yi gaisuwa, sannan ya juyo ya ce wa jama'a, "Mutumin ga ya sa na rufe bijimin sa sukutum cikin rami, ina kuka shina tsaye. Amma wallahi bai taɓa amsar ko tsoka ɗaya hannuna ba." A cikin gida Goggo tana kuka tana dariya, domin matan unguwa sun taru suna tuna yadda suke kife tukwane su tsere maƙwabta in an ce ga Duba-gari nan. Mai teburin bakin hanya, wanda ke sayar da sigari da ashana da alewa, ya zo kwana uku a jere, kullum ya zauna can gefe.

A rana ta biyu na ji wata magana da ta tsaya mini a rai. Wani ne daga bayana ya rage murya ya ce wa na kusa da shi, "Ikon Allah. Wanda bai sha taba ba ya tahi, mai sha na nan zamne." Na juya ban gane ko wane ne ba. Baba ma ya ji, na san ya ji, don ya sunkuyar da kai, ƙirjinsa yana wannan ƙaramin fito da muka saba ji. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ajali na Allah ne, ba wanda ya yi musu. Amma mai maganar bai san cewa zaman da Baba yake yi a kan tabarmar nan, yana jan numfashi yana amsa gaisuwa, shi ne aikin da Baffa ya fi wahala a kansa duk tsawon rayuwarsa ba. Shi ya sa na ɗauki biro, kada a manta.

A zamanin farar hula na biyu ne aka ce ma'aikatan lafiya su fita su gargaɗi mutane a kan sigari. Aka ba Baffa babur, da lasifika, da ɗaurin fastoci. Ya ɗauki abin da gaske, yadda yake ɗaukar komai. Ranar kasuwar Dingyadi yana can, ranar ta Dandin Mahe yana can, har Horo Birni yakan kai in hanya ta bushe. Sai ya kafe babur a gindin bishiya, ya liƙa fasta, ya fara jawabi a kan tari da ciwon ƙirji. Mutane sukan taru sosai, don lasifika abin kallo ce a lokacin. Su saurara, su ce "gaskiya ne, Malam," wasu da karan a hannu sun ɓoye shi a bayansu hayaƙi yana tashi ta kafaɗa.

Fastar tana da hoton huhu biyu, ɗaya ja ɗaya baƙi, da rubutun boko a ƙasa wanda mafi yawan masu kallo ba su karantawa. A Horo Birni wani makiyayi ya daɗe yana duban baƙin, sannan ya ce wannan huhun tsohuwar tunkiya ne, shi ya sha gani. Takardar kuwa mai kauri ce mai sheƙi, sai mata suka riƙa aiko roƙo a ba su, suna shimfiɗawa a ƙarƙashin kwanonin jere. Wata rana Baffa ya tsaya sayen ashana, ya tarar mai teburin nan ya lulluɓe teburinsa da fastar tsaf, ya jera kwalayen sigari a kan huhun. Da ya dawo gida yana ba mu labari sai da ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kunne ba shi jin wa'azi ranar kasuwa."

Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a da ta dami mutane. Duk wanda ya gani da sigari, babba ko yaro, ba zai yi masa faɗa ba, sai dai ya tambaye shi, "Ina kaf fara?" Yakan ce wanda bai nemi inda ruwa ke shigowa ɗaki ba, kwana zai yi yana kwarfa. Direbobi suka ce tasha. 'Yan ci-rani suka ce kudu. Amma manoma, waɗanda su ne jama'armu, kusan bakinsu ɗaya: a gayya.

Yadda gayya take a wajenmu, mai gona zai aika goro ga Sarkin Noma, a sa rana, samari su fito da garemani, makaɗa su zo da ganguna. Mai gona ya ba da fura da tuwo. Sannan ya tsaya a ƙarshen gona da kwalin sigari a buɗe, duk wanda ya riga kai ƙarshen kunya ya soka masa kara ɗaya a hula, makaɗa su yi masa kirari. Saurayin da ya fara fita gayya, ranar da aka soka masa karan farko ranar ya zama namiji. Ba zai kai wa uwarsa ba, ba zai yar ba. A nan bakin gona zai kunna, yana tari ana yi masa shewa.

Baba kuwa a nan ya yi suna. A ƙuruciyarsa ba a taɓa riga shi ƙarshen kunya ba daga Bodinga har Dingyadi. Goggo ta ce yakan dawo gida hularsa kamar bushiya. Abin da aka fara da kirari ya zama kwali guda a yini. Tun ina ƙarami tarinsa ne ke tashe mu da asuba kafin ladan. A shekarun da nake magana, tarin ya canza murya, ya koma can ƙasa, kuma in ya fara sai ya dafa bango. Baffa ya san abin da wannan tarin yake nufi, ya gan shi a ɗakunan mutane da yawa.

Ya rubuta wa manyansa takarda cewa kasuwa ba wurin maganar ba ce, a nemi sarakunan noma a zauna da su. Bai samu amsa ba. Ko da ma an so amsawa, lokacin ya zo da tsuke bakin aljihu. Man babur ya daina zuwa, fasta ta ƙare ba a sake bugowa ba, babur ya koma zaure kaji suna kwana a kansa. Ruwan sama ma ya fara yi mana rowa. A wannan daminar, ta ƙarshe kafin soja su karɓa, Baffa ya yanke shawarar abin da ofis bai yi ba shi zai yi a gonarsa ta hanyar Dingyadi. Ya aika goro, ya ce gayyar huɗa ce, za a yanka akuya, amma babu taba.

Ina gida ranar da Baba ya shigo masa zaure. Bai ko zauna ba.

"Yaya, mi nika ji? Gayya ba taba?"

"Haka na, Auta. Zamna mana."

"Ba zama nazo yi ba. Ka sake mata suna, wagga ba gayya ba ta. Tun kakanni haka anka gada."

"Wane kakan namu yas san kwali? Jiya-jiya anka sa ta ciki, ina da wayona."

"Cewa za a yi rowa ta kama gidanmu."

"Akuya hwa zan yanka."

"Ko raƙumi ka yanka ba mai zuwa."

"In kai kaj ja gaba suna zuwa. Kai suka kallo."

Baba ya ce ba da shi ba. Baffa ya dube shi ya ce, "Tarin ga da kaka yi hwa?"

"Sanyi na."

"Sanyi shekara ukku, Auta?"

"Aikin gwamnati ka bar shi ofis, Yaya. Nan gida na."

Ya juya ya fita ba sallama, abin da ban taɓa ganin ya yi wa yayansa ba. Baffa ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya ce mini, "Kai hwa, Malam?" Na ce in Allah ya so da ni za a yi. Ban zo ba. Na fake da aikin makaranta na yi zamana a Shagari, domin ni ma a lokacin ina sha a ɓoye, kuma ina jin kunyar a ga ɗan gwarzon noma a gayyar da za a yi wa dariya. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a raina.

Goggo ce ta ba ni labarin ranar. An dafa tuwo tukunya biyu, an dama fura, an yanka akuya. Waɗanda suka zo tsofaffi ne sa'o'in Baffa, ba su cika hannu biyu ba, sai mahaucin nan da aka rufe wa sa, wanda ya ce shi nama ya kawo shi. Makaɗa suka buga har hantsi, da suka ga ba wanda za su yi wa kirari suka saɓa gangunansu suka nufi wata gayya a ƙetaren fadama inda kwali yake buɗe. Da azahar Goggo ta bi gida-gida tana rabon tuwo, mata suna karɓa suna kau da kai. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba a huɗe ba, ga shi shekarar ruwa ba ya jira. Kafin mako ya zagayo maganar ta shiga gari. Duk taron da bai yi jama'a ba, ko suna ne ko ɗaurin aure, sai a ce an yi gayyar Duba-gari.

Wannan maganar ce ta tayar da Baba. Shi yana iya yi wa yayansa tsawa a zaure, amma bare ya yi masa dariya a kasuwa, wannan kuma daban. Naka naka ne. Kwana uku bayan gayyar, kunya ta kawo ni gonar da sassafe, na tarar da Baffa shi kaɗai yana fama. Ba mu daɗe ba sai ga Baba da garmarsa a kafaɗa. Bai gaishe mu ba. Ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafi, ya kama kunyar da ke kusa da ta Baffa.

Farkon kunyar na ga mutumin da ake ba mu labari. Ƙasa tana kifewa gefe da gefe kamar ana ninke tabarma, nan da nan ya bar mu a baya. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya. Ya dafa ƙotar garmar, tari ya kama shi, ya durƙusa, ya kai hannu ƙasa. Ya buɗe baki yana neman iska ba ta shiga. Sai a ranar na gane dalilin da ya sa damina biyu da suka wuce Baba yake zuwa gayya ya tsaya bakin gona yana zuga samari, muna cewa girma ne ya zo. Na tsorata, na ɗauka a nan za mu rasa shi.

Baffa ya zaunar da shi, ya jingina shi da ƙirjinsa, ya riƙe shi har numfashin ya dawo. Ya ba shi ruwa. Na jira in ji jawabin kasuwa, don ranar ce ranar da ya dace a ce "ban gaya maka ba?" Maimakon haka sai ya miƙe. Ya ɗauki garmar ƙanensa ya ƙarasa masa kunyar.

Washegari, ana fitowa sallar asuba, Baba ya zauna a dakalin ƙofar gida kamar kullum, ya sa hannu a aljihu zai ciro karan farko. Sai ga Baffa da buzunsa a hammata. Ya shimfiɗa kusa da shi, ya zauna, ya ciro asawaki biyu ya miƙa masa ɗaya. "An kwana lahiya, Auta?" Shi ke nan abin da ya ce.

Kowa ya san ƙane ba ya kunna taba a gaban yayansa. Ko ɗan tasha in ya hango wansa jefar da ita yake yi ya taka. Baba yana da jikoki a lokacin, amma wannan kunyar ba ta tsufa. Ya mayar da hannunsa, ya karɓi asawaki, yana jiran Baffa ya tashi. Baffa bai tashi ba sai hantsi, kuma da ya tashi cewa ya yi su tafi gona tare. Bayan azahar yana nan. Bayan la'asar yana nan. Aikin ofis ya riga ya mutu, lokaci kuwa Baffa yana da shi kamar ƙasa.

Watannin farko gidanmu bai zaunu ba. Baba ya zama kamar kunama, kowa ya taɓa shi ya ji. Ya ce wa Goggo ta gaya wa yayanta shi ba ɗan kurkuku ba ne. Goggo ta ce ya gaya masa da bakinsa, ai kusa suke zama. Ya koma sha a masai, ya manta da wanda yake hulɗa. Baffa ya leƙa ya fito ya ce, "Masan ga naku ya kusa cika da guntaye, Auta, in ina bakin aiki da na rubuta ku." Dariya ta ƙwace wa Baba, ita ce ta farko tsakaninsu tun ranar zaure.

Ba a rana ɗaya ya bari ba. Daga kwali ya koma kara biyar, daga biyar ya koma na sata ɗaya ko biyu, ya bari, ya koma, ya sake bari. Ba su taɓa yin maganar taba a dakalin nan ba. Hirarsu farashin albasa ce, da ruwan da bai zo ba, da layin da ake sa mutane a kan sabulu da madara. Da kaka ta zo gonar Baffa ba ta ba da abin kirki ba, sai Baba ya sa aka riƙa ɗibar dammunan gero daga rumbunsa ana kaiwa na yayansa. Da rani na biyu tarin ya yi sauƙi. Ƙirjin bai koma yadda yake ba, garma kam sun yi sallama, amma yana tafiya masallaci da ƙafarsa, yana zuwa fadama duba albasarsa. Damina shida suka yi a haka, ba ranar da Baffa bai shimfiɗa buzun nan ba sai in ciwo ya kwantar da shi.

In aka tambaye ni ko shirin gwamnati ya rage shan taba a ƙasarmu, ba ni da lissafi, abin da na gani kawai zan faɗa. Fasta ta yi wa ɗakunan mata ado. Lasifika ta tara jama'a. Waɗanda suka bari da yawa tsada ce ta raba su da ita, ni ina cikinsu, kuma Baffa da kansa yakan ce talauci ya fi shi iya wa'azi. Gayya ba ta daina taba ba, sai dai da kwali ya gagari mutane wasu masu gona suka janye shi, suka fake da cewa Duba-gari ya hana. Ya ji, ya ce su fake, bayansa yana da faɗi. Na taɓa tsokanarsa na ce shekara da shekaru yana yawo da babur, mutum nawa ya raba da sigari. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce, "Shi ma ban gama ba."

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, aka mayar da tabarmin masallaci. Washegari zan koma Shagari da motar farko. Da aka fito asuba na je yi wa Baba sallama, na same shi a dakali shi kaɗai. Na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro karan sigari ɗaya, sabo, ko lanƙwasa bai yi ba. 

"Jiya nis saye ta," in ji shi. "Mai tebur ya ƙi saida min, sai da nit tahi tasha."

"Ka sha, Baba?"

"Da na sha da kag gan ta?"

Na hau dakalin na zauna kusa da shi, na ce zan nemi a mayar da ni Bodinga, zan riƙa zuwa kullum da asuba. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ɗana na. Gabanka ina iya shan kwali biyu, ka ɗauko min ashana ma."

Gaskiya ya faɗa. Ya riƙa juya karan a tsakanin yatsunsa, yana kallon wurin da babu kowa a damansa. Gari yana ta wayewa, ina jin motar farko tana kiran fasinja a bakin hanya.

"Da shina da rai," ya ce, "na san sa'ad da shika tashi shi tahi gida, in samu sarari. Tun jiya nika zamne nan da ashana, ina jiran shi tashi. Ya ƙi tashi."

Ya miƙo mini karan. Na karɓa.

"Tahi ka kama motakka, Malam. Allah shi jiƙan Yaya, shi yalwata mai kabari, shi sa ya huta. Ya matsa min da rai, ya matsa min ba rai."